Layi na Goma Sha Bakwai

Litinin, 3 ga Nuwamba

An fara rahoton shekara. Kowane sashe na ƙaramar hukuma ya turo fayilolinsa, ni kuma mai buga takardu an jibge min su a tebur har ba na hango ƙofa. Shekarata tara a wannan kujera. A takardar rahoton, gida uku ne a gaban kowane aiki: an kammala, ana kai, ba a fara ba. Dokar ofishinmu ba a rubuce take ba, amma kowa ya haddace ta. In dai akwai hoto a fayil, aiki ya kammalu. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Sai-Gobe a bayan idonsa, ya ce bana kashi tamanin na ayyukan yake son a nuna an kammala.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na iso layi na goma sha bakwai, ƙaramin asibitin unguwar su Baba. Bara da hannuna na buga masa "an kammala". Hoton yana nan, ga sabon fenti, ga ma'aikaciyar jinya tana murmushi a bakin ƙofa. Aro ta aka yi daga wani asibitin. Ana gama ɗaukar hoto aka mayar da ita, aka maƙala kwaɗo. Kuma duk abin da aka ce an kammala ba ya sake zuwa gaban kwamitin da ke tura ma'aikata. Wannan ma tun bara na sani.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na je gida. Na tarar da Baba a kan bencin barandar asibitin, can suke hira da abokansa saboda inuwa. Rahoton bara yana cikin leda a gefensa, duk wanda ya zauna sai ya buɗe masa ya ce 'yarsa ce ta buga.

Yaya ta ja ni gefe ta ce ciwon kansa ya dawo, kuma ya ƙi zuwa babban asibiti a duba hawan jininsa. Wai mota biyu zai shiga, ga layi, shi ba zai iya ba. Na yi masa magana, sai ya yi dariya.

"Uwata, ai namu ya kusa buɗewa. Ba ke kika rubuta ba?"

Na ce harkar takardu ce, tana ɗaukar lokaci. Kunya ta hana ni faɗin sauran.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na sami Sai-Gobe a kan maganar. Ya saurare ni tsaf, ba laifi. Ya ce in aka taɓa layin nan kashi tamanin ɗin zai faɗi, kuma za a tambayi wanda ya buga na bara. A bari zuwa baɗi, in ji shi. Na ce to, ranka ya daɗe, har da ɗan rusunawa. Haushin kaina nake ji.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Baba ya faɗi a banɗaki da hantsi. Maƙwabci ne ya ɗauke shi da Yaya a motarsa zuwa babban asibiti. Yaya ta ce ta ƙofar asibitin unguwa suka wuce, taku nawa ne daga gida. Sai da suka yi kusan awa guda a hanya. Likita ya tambaye mu yaushe rabon da a auna jininsa, ni da Yaya muka kalli juna.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Bai farka ba. Ya cika bayan la'asar.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Abokan bencinsa sun zo gaisuwa. Wani tsohon tela a cikinsu ya miƙo min ledar rahoton, wai a wurinsa Baba ya bar ta ran Talata. An naɗe kunnen shafin, kuma Baba ya ja layi da biro a ƙarƙashin sha bakwai ɗin don kada ya ɓace masa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Yaya sai lallashina take yi, tana cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma da za ta zage ni da na fi samun sauƙi, ita ba ta san abin da na sani ba.

Litinin, 1 ga Disamba

Na koma aiki. Fayilolin suna inda na bar su. Sai-Gobe ya yi min ta'aziyya sosai, sannan ya ce ran Alhamis yake son rahoton. Yau dai bai ce gobe ba.

Alhamis, 4 ga Disamba

Na miƙa. Ya sa hannu bai karanta ba, kamar kullum.

Ba wani abu na yi ba. Gida ɗaya kawai na matsar da layin, na cire tsohon hoton na sa wanda na ɗauka da wayata jiya da safe, kwaɗon ya fito sosai har da tsatsarsa. Famfon da ke layi na ashirin da uku ma na taɓa shi, tunda hannuna ya riga ya kai wurin. Kashi saba'in da takwas ya fito.

Watakila su gano ranar zaman majalisa, watakila kujerar nan ta zama ta wata. Ban sani ba. Ledar Baba tana cikin durowata. In an tambaya, 'yarsa ce ta buga.