Na Kai Hansai Awo

Badaru,

Na koma Ruma, mai babur ba zai jira dawowarka daga kasuwa ba.

Ka hana matarka Hansai awon ciki, wai asibiti cike yake da masu amai da gudawa. To, na kai ta. Inna ce ta ba da izini, ka je ka ja da ita. Ƙofar masu awo daban ce, ko majinyaci ɗaya ba mu gani ba.

Kumburin ƙafar da ka raina, ashe jininta ne ya hau. Malamar asibiti ta ce da an ƙara jinkiri, da wani labarin ake yi. Alhamdulillahi, an ba ta magani, ɗan yana motsi lafiya.

Laraba za ta koma, kai za ka kai ta. Faɗan kuma ka ajiye mini sai na zo suna.

Yayarka Zuwairatu