Makullin Wayar Gari a Aljihun Baffa

Assalamu alaikum Anti Adawiyya. Don Allah ki taimake ni. Na yi nasara a wata magana, nasarar kuma ta zame mini damuwa.

Ni ma'aikaciya ce a nan Dutse, ina zaune a Limawa, amma asalina wani ƙauye ne a bayan Miga. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, ƙanensa Baffa Idirisu ne ya riƙe ni. Shi ya sayar da bijiminsa ya kai ni jami'a, duk gari ana masa dariya. Na faɗi wannan da wuri don kada ki ɗauka mugu ne.

Bara waccan, da wayar salula ta fara kamawa ta wajenmu, Baffa ne ya kawo shawara gari ya sayi waya guda, irin ta tebur mai eriya a kan doguwar gora, don kiran gaggawa kaɗai. In haihuwa ta zo da gardama, ko maciji ya sari mutum, sai a kira Sale direba a Miga ya zo da mota. Aka taru a ƙofar dagaci za a yi doka, aka aiko mini in zo in rubuta tunda ni ce 'yar boko. Ina daga cikin zaure, suna faɗa ina rubutawa. Sharaɗi na ɗaya, duk wanda yake da sana'a a garin zai ba da mudu biyu na gero da kaka, a sayar a sayi kati a yi cajin batir. Na biyu, duk wanda larura ta kama za a kira masa mota, ko ya biya ko bai biya ba. Na uku, waya za ta zauna a hannun wanda ba ya barin gari. Kowa ya dangwala yatsa. Daga nan aka ɗauki waya aka kai ɗakin Baffa, aka sa kwaɗo. Baffa kuwa dillalin dabbobi ne, kasuwa huɗu yake ci a mako. Ba wanda ya ga abin mamaki, har ni.

Sai ranar da naƙuda ta kama Talatu, ƙawata tun muna talla, da hantsi, ranar kasuwa. Gwaggo Iyatu ungozoma ta duba ta ce ɗan a gicciye yake, a kira mota. Waya na ɗaki, makulli na aljihun Baffa, Baffa na kasuwa. Maza shida suka tsaya suna kallon kwaɗo, ba mai iya fasawa, wai ɗakin babba ne. A amalanke aka kai ta bakin titi. An yi mata aiki ta rayu, ɗan ma ya rayu, amma ba da dabararmu ba.

Bayan suna na ɗauko takardar na roƙi a sake zama. Na karanta sharaɗi na uku, na tambaya wa ya taɓa yin mako cur bai bar gari ba. A cikin maza ba ko ɗaya. Mai kasuwa, mai cin rani, mai zuwa Dutse neman takin zamani. Na ce ni mutum ɗaya na sani, Gwaggo Iyatu, wadda rabonta da wuce kukar bakin gari tun shekarar da aka ƙirƙiro jihar nan. Baffa ya yi murmushi ya ce takarda dai ta ce wanda, ba ta ce wadda ba, ni da na yi jami'a ai na san bambanci. Aka kwashe da dariya.

Anti, nan bakina ya riga hankalina. Na ce na yarda. Amma sharaɗi na ɗaya ma wanda ya ce, don haka a mayar wa mata geronsu, su da suka fi rabin masu bayarwa da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Na biyu ma wanda ya ce, sai mu ajiye motar Sale har ranar da naƙuda za ta kama namiji. Dariyar ta juya kan Baffa. Liman Modibbo ya gyara zama ya ce ko a littafin fiƙihu, in an ce wanda ya ci da gangan a azumi, ba a yafe wa mata kaffara ba. Kafin la'asar an tuge gora an kafa ta a tsakar gidan Gwaggo, mata na guɗa.

Wata tara ke nan. An yi kira goma sha ɗaya, har da na wani makiyayi da sa ya soka a ruga, duk Sale ya iso a kan lokaci. Ba mu rasa ko ɗaya ba.

Amma na rasa Baffa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, tun ina rarrafe Uwata yake ce mini. Yanzu in na durƙusa sai ya ce lafiya lau Malama, ya juya. Abokansa a kasuwa suna kiransa mai naƙuda. Da kakar nan ya aiko da geronsa kafin kowa, mudu huɗu maimakon biyu, ko saƙo babu, na san gatse ne yake mini. Innata ta ce in sa a mayar masa da wayar a zauna lafiya. Maigidana ya ce in bar shi zai huce. Ni kuwa na kasa. In mayar ne?

'Yar Baffa, Limawa

*

'Yar Baffa, wa alaikumus salam.

Kada ki mayar. Ba taki ba ce balle ki yi kyauta da ita, ta gari ce, kuma mutum goma sha ɗaya sun riga sun ba da shaida. Na ga dokoki masu hatimi da manyan sa hannu da ba su yi rabin aikin takardarku ba. Doka irin wannan, ko ta ƙauye ko ta gwamnati, daga wa zai biya sai wa zai ɗaga waya in an zo a guje. Kun daɗe da warware ta farko, ke kika warware ta biyu. Barka, ki daina sunkuyar da kai.

Sai dai ki raba gaskiyarki da gatsenki. Batun gero hujja ce. Batun naƙudar maza daɗin baki ne, na yi dariya, amma ba ni ake bi da shi a kasuwa ba. Ki kuma tuna ranar da aka sa kwaɗon nan kina zaure da alƙalami a hannu, ba ki ce uffan ba. Kuskuren na gari ne, shi kaɗai ya ɗauki kunyarsa. Shi ma da nasa, don mai kasuwa huɗu ya san ba shi takarda take nufi ba, girman ne ya yi masa daɗi a aljihu.

Geron nan kuwa kin karanta shi a juye. Mai gatse ba ya asarar mudu biyu. Mutumin da ke son doka ta mutu ba ya rigan kowa biyanta. Dattijo ne ya ce kin yi daidai da yaren da ya iya, ke kuma kina jira ya faɗa da baki. Ba zai faɗa ba.

Ki je har gida, ba a ƙofar dagaci ba, ki nemi gafarar dariyar da kika jawo masa, ita kaɗai, kada ki haɗa da wayar. Sannan ki kai masa aiki, don takardarku da sauran gyara. Gwaggo Iyatu mutum ce, tana iya kwanciya ciwo, wa zai riƙe ranar? Wa ke sayar da geron ya sayo kati? Wannan na mai cin kasuwa ne, a nan yawonsa riba ce, kuma gara mai riƙon waya daban, mai sayen kati daban. Ki bar shi ya kai gyaran gaban dagaci da bakinsa. Ai shi ya haifi wayar, shi kuma ya sayar da bijimi ya sayi bakin da ya kayar da shi. In ya nutsu zai ga bai yi faɗuwa a cinikin ba.

A wajenmu ana cewa wanda ya yi rinjaye shi ke fara miƙa hannu. Kada ki ce mini an ce wanda. Ke kika koya wa garinku cewa har da ke a ciki.

Allah Ya ƙara wa Gwaggo lafiya, Ya raya ɗan Talatu, Ya sa ki sake jin Uwata daga bakin Baffa.

Anti Adawiyya