Kalmar da Faisal Ya Kawo Gidana

Talata, 7 ga Mayu 2024

Jiya na haihu, mace. Fara sol, gashinta kamar gemun masara. Zabiya ce. Inna, uwar mijina, ta ɗaga zane ta leƙa, ta mayar. Ko barka.

Juma'a, 10 ga Mayu

Mijina Alƙasum ya dawo da kamiyonsa, babbar motar kaya, daga Agadas. Ya tsaya bakin ƙofa ya yi mini sannu kamar wata maƙwabciya. Bai ɗauke ta ba. Uban 'ya ke nan!

Sai ga ƙanensa Faisal, wanda ya yi karatu a Sakkwato, da waya a hannu. Gaban matan da suka zo barka ya hau bayani, wai wannan abu da Ingilishi jenetik miyuteshan ake ce masa, wani ɗan canji ne a ƙwayoyin gado. Wa ya tambaye shi? Ni ma na zauna lakwal na yi boko, ina koyar da yara a Kalfu, amma ban taɓa tsayawa kan jaririyar mutane ina lacca ba. Na ce ya fita.

Litinin, 13 ga Mayu

An yi suna. Jannatu. Ragon ma ramamme suka yanka.

Asabar, 18 ga Mayu

Kalmar ta bi unguwa. Mai kawo mana ruwa ya tambaye ni ina 'yar Miyuteshan. Haka, da fara'arsa, yana ganin gaisuwa ya yi. Hafsatu ta gidan baya ta ce ta ji wai cuta ce ta Turawa da ake ɗauka a allurar awon ciki, har ta fasa zuwa awo. Wata ta ce aljani ne mai sunan Nasara. Ɗiyata tana da suna, liman ya raɗa mata, amma ba mai faɗinsa sai ni. Allah ya isa tsakanina da bakin Faisal.

Laraba, 22 ga Mayu

Zafi. Fatarta ta yi ja don na fito da ita tsakar gida kaɗan. Na yi kuka, na haushi ne.

Lahadi, 26 ga Mayu

Yau na gane abin da ke cin Alƙasum. Kawunsa Attahir ya zo daga Bambeye, suka zauna a zaure, ina madafa ina jin su. Ya ce a zuriyarsu kaf ba a taɓa haihuwar irin wannan ba, kuma direba ba mazaunin gida ba ne, ya kamata ya yi tunani. Ni! Ni ake nufi. Har miya na zubar. Na jira in ji mijina ya tanka. Shiru ya yi. Shirun nan ya fi maganar tsohon yi mini ciwo.

In bai ɗauki yarinyar nan ba kafin arba'in, gidanmu zan tafi, kuma ba wanka za ni ba.

Alhamis, 30 ga Mayu

Ashe Faisal ya ja wansa har asibiti wurin lokotoro. Ban san mi aka gaya masa ba. Alƙasum ya dawo yana ta juya hula a hannu. Ban tambaye shi ba, ni ma na iya shiru.

Lahadi, 2 ga Yuni

Kawu Attahir ya dawo da maganarsa, yau har da Inna a zauren. Sai na ji muryar Alƙasum, da ƙarfi yadda zan ji.

"Kawu, abin ga sunansa jenetik miyuteshan. Lokotoro ya ce sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi a ɓoye yake fitowa. Rabinsa nawa ne, daga jininmu ya zo. Ɗiyata ce."

Ko faɗin kalmar bai iya ba, sau biyu yana tuntuɓe. Tsohon ya nemi takalmansa.

Alƙasum ya shigo ya ce in ba shi Jannatu. Ya riƙe ta a karkace, na ce ya tallafe kan mana, ba buhun albasa ba ce. Har ya fita da ita, na kira shi ya dawo inuwa.

Ban huce ba, kar ma wani ya ɗauka na huce. Na aika wa Faisal tuwo da miyar kuka, har da nama. Saura tuwon ya yi, shi ya sa.