Yashin Da Na Nuna Masa Da Hannuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni 'yar wajen Damri ce, na gama sakandare. Lokacin aikin dam ɗin Bakolori aka karɓe gonakin kakanmu, abin da ya rage wa babana wani tudu ne mai baƙin yashi a gindin dutse, ko gero ba ya yi. Da babana ya rasu tudun ya zama nawa da Inna, amma Baffa, ƙanensa, ke riƙe da shi, kamar yadda aka saba idan magada mata ne.

Ɗan Baffan, ina ce masa Yaya, gini ya karanta. Ya dawo yana neman yashin da zai narke ya zama gilashi, wai a riƙa sa shi a bango kamar bulo, haske ya shiga ɗaki zafi bai shiga ba. Ya gwada na gulbin Maradun, ya gwada na Mafara, duk suka ƙi. Ni na ɗebo masa namu a kwano, na ce gwada wanga. Muka haɗa da kanwa da garin kwalba a kaskon yumɓu, a maƙerar unguwarmu. Gilashin ya fito kore mai duhu, kana ganin rana ta ciki. Har yau akwai tabon ƙuna a hannuna. Ya ce aikin namu ne mu biyu.

Makon jiya na je tudun, na tarar da tifa tana lodi, an haƙa rami ya fi tsayina. Direban ya ce ai wurin na Yaya ne, gadon gidansu, haka Yayan ya faɗa wa masu ginin da ya samu a Gusau. Na samu Yaya, ko kunya babu, wai mace ba ta shiga maganar tifa, kuma da ba don shi ba yashi ne kawai. Baffa ya ce in bari ya yi bincike, alhali shi ya nuna musu iyaka.

Inna na kuka, wai kada in kai ƙarar wanda ya riƙe mu. Ni kuma in na yi shiru, kafin damina rami zan gada. In tafi wurin mai gari ko in bi Inna? Ku faɗa mini da wuri, direban ya ce tifar za ta dawo ran Talata.