Harshen da Aka Hana a Gidan Hedimasta

Yuen Long, Hong Kong
Afrilu, 2007

Zuwa ga mahaifina, Malam Harkaraj Angdembe,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fatan kana lafiya, gwiwar nan ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Surukinka Tekendra yana nan a wajen gininsu, ni ina gidan kula da tsofaffi, jikarka Iksa kuma ta shiga aji biyu.

Baba, wani abu ya same ni, kuma in ba kai ba ban ga mai fitar da ni ba. Mu 'yan Limbu da ke nan muna da ƙungiya, muna taruwa ran Lahadi a wani ɗaki da ke saman kantin shinkafa. A taron da ya wuce Kyaftin Lingden, tsohon soja ne mai gadin banki yanzu, ya miƙe ya ce 'ya'yanmu suna jin Sinanci a makaranta, Turanci a talabijin, Nepalanci a gida, Limbanci kuwa sai ranar da aka yi mutuwa. Ya ce a buɗe aji. Aka tambayi wa zai koyar, sai wani ya ce, "Ga 'yar hedimastan Fidim a zaune, me muke nema kuma?" Aka yi tafi. Na buɗe baki in ce ban iya ba, na kasa.

Da aka tashi wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana ta yi mini magana da Limbanci. Ni kuwa ina murmushi ina gyaɗa kai. Sai a mota Tekendra ya gaya mini labarin ɗanta take ba ni, wanda ya faɗo daga bene ya rasu bara. Shi kansa tsinta-tsinta yake ji, amma ya fi ni.

Ka san abin da na sani bai wuce sunayen abinci da kalmomin da Inna take faɗa in na yi ɓarna ba. Ina roƙonka ka riƙa rubuto mini ko da kalma ashirin-ashirin ne da ma'anarsu. In kana tuna waƙar da Inna take yi in tana sheƙar tamba, ka haɗo da ita. Muryar tana kunnena, kalmomin ne babu.

'Yarka mai biyayya,
Urmila


Fidim
Yuni, 2007

Zuwa ga Urmila,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, na karanta. Akwai kuskuren rubutu biyu a shafin farko, ki riƙa dubawa kafin ki rufe ambulan.

Game da buƙatarki: ban ga amfaninta ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa. Yaran da na tilasta wa Nepalanci su ne yau ma'aikata da malaman asibiti. Waɗanda aka bari da harshen gida suna nan suna dako a tasha. Na kai ki makarantar kwana a Dharan tun kina shekara shida don kada ki tsaya gaban kowane tebur a duniya bakinki a rufe. Yanzu kin haye teku, kina neman ki koma inda na ɗauko ki.

Su Kyaftin sun ƙoshi ne. Wanda ya ci ya sha a ƙasar wasu yana da lokacin kewar abin da bai taɓa ciyar da kowa ba. Ki gaya musu gaskiya ba ki iya ba, su nemi wani. Iksa ta dage da Turanci da lissafi.

Waƙoƙin mahaifiyarki ban riƙe su ba.

Ruwa ya yi yawa bana, hanyar Ilam ta zabtare sau biyu. Ki gai da mijinki.

Mahaifinki,
H. Angdembe


Yuen Long
Yuli, 2007

Cema Sancamaya,

Ina gaishe ki gaisuwar kewa. Yaya awaki, yaya ƙafa? Ke ce ƙanwar Inna, ke kaɗai kika rage mini a ɗakinsu, shi ya sa na kawo miki ƙarar surukinki. Na roƙe shi harshenmu, ya aiko mini da gyaran rubutu.

Na bi shawararsa guda ɗaya: na tsaya gaban mutane na ce ban iya ba. Sai Kyaftin ya ce, "To madalla, mun sami ɗaliba ta farko." Yanzu haka muke yi: tsofaffi suna faɗa, ni ina rubutawa a allo ina tsara darasi, don su sun iya magana amma ba su iya koyarwa ba. Rabin lokacin a gardama yake tafiya. Mutumin Taplejung ya ce kaza ake cewa, mutumin Panctar ya ce wannan ai maganar masu ciwon haƙori ce. Yara goma sha huɗu suna zaune suna dariya. Iksa ta riga ta wuce ni, har gyara mini take yi.

Muna kuma tara sa hannu, za mu aika wa waɗanda za su rubuta sabon tsarin mulkin ƙasarmu, a yarda yaro ya fara karatu da harshen uwarsa, a kuma saurari mutum a ofis da harshen da ya iya. Ƙabilun Magar da Tamang da Rai duk sun shigo. A babban taron 'yan ƙasarmu na nan wani mai muƙami ya ce muna raba kan jama'a, ai duk ɗaya muke. Wata 'yar Tamang ta ce masa, "In ɗaya muke, yau a yi taron da harshena mana."

Cema, ina kewar gida har ban san yadda zan faɗa ba. Jiya na buɗe kwalbar kinema, daddawar waken suyan nan da kika aiko, maƙwabciyata ta buga ƙofa ta ce wani abu ya mutu a ɗakinmu. Ni kuwa ina zaune ina shaƙa ina hawaye. Ki gaya mini, me harshen nan ya yi wa Baba? Na tuna allon katako da yake rataya wa yaro a wuya in ya yi Limbanci a aji. Har yau in na haɗu da ɗalibansa a nan sai in ji kunya.

Taki,
Urmila


Fidim
Satumba, 2007

Urmila 'yar yayata,

Na gaishe ki, na gai da mai gidanki da 'yar malamarku. Ki yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Kada ki nuna wa Hedimasta, sai ya ba ni sifili.

Ya ce bai riƙe waƙoƙi ba? Ƙarya yake, da furfurarsa. A zamaninmu duk kwarin Tamor babu saurayin da ya kai shi waƙar palam. A kasuwar shekara ya ga yayata Fulmati, aka riƙe hannu aka shiga rawa, yana jefa mata baiti tana mayar masa, har 'yan kasuwa suka naɗe kayansu ba wanda ya kayar da wani. Ni ce 'yar rakiya, ƙafata ta kumbura. Da waƙa ya auri uwarki, ba da alli ba.

Abin da ba ki sani ba shi ne wannan. Shekarar da ya fara koyarwa aka kama shi da wani ɗan littafi na rubutun Limbu, a lokacin abin tuhuma ne. Aka tsare shi wata biyu. Kakarki ta yi tafiyar yini biyu a ƙasa ta je ofishin. Ba ta jin Nepalanci ko kalma. Ta tsaya tana roƙo da harshenta, su kuma suna kwaikwayonta suna dariya, shi yana jin komai ta bayan bango. Daga baya wani ya zo ya ce zai taimaka, ya miƙa mata takarda ta dangwala yatsa. Ɗanta ya fito. Da kaka ta yi sai ga mutumin ya zo girbin gonar shinkafarsu ta bakin rafi, da takarda a hannunsa. Ba ta ƙara shekara biyu a duniya ba.

Tun daga nan ya rufe bakinsa ga harshenmu. Ko da yayata sai in sun shiga ɗaki. Ba na ce ya yi daidai ba, yaran da ya rataya wa katako ba su ne suka ci gonar ba, na sha gaya masa. Amma kin tambaya.

Na nuna masa hoton ajinku. Ya ce allon a karkace yake. Bai dawo mini da hoton ba.

Cemarki,
Sancamaya


Yuen Long
Oktoba, 2007

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Cema ta ba ni labarin Kaka. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa.

Na daɗe ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Yanzu ban san inda zan ajiye haushin ba. Abu ɗaya zan ce: takardar da muke tara wa sa hannu, saboda mace irin Kaka ce, don ta tsaya a ofis a saurare ta. Kai ka zaɓi ka canza mana baki, mu muna so a canza ofishin. Ban ce mun fi ka gaskiya ba, wataƙila ma ba za a kula mu ba. Mun kai mutum dubu ɗaya da ɗari biyu.

A watan Disamba za mu yi bikin sabon amfanin gona a filin shaƙatawa, an ba mu izini. Yara za su yi palam. Ba na roƙonka kalma ashirin kuma. Baiti ɗaya kawai, wanda ka fara jefa wa Inna.

Na duba wannan takardar sau uku, ban ga kuskure ba.

'Yarka mai kewarka,
Urmila


Fidim
Disamba, 2007

Urmila,

Gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta. Babanki yana da rai, na fara da wannan.

Kwana ashirin ke nan ya faɗi a bakin famfo. Ɓarin damansa ya shanye. Mun kai shi asibiti a Dharan, mun dawo shekaranjiya. Ban sa an kira ki ba don ya riƙe mini hannu ya girgiza kai, kin san shi. Takardarki ta riga faɗuwar da mako guda. Ya karanta, na ga ya ɗauko biro da takarda, ya zauna a baranda har rana ta juya. Ban san ko ya rubuta wani abu ba, na duba ban gani ba.

Yana cin abinci, yana gane mutane wani lokaci. Sai dai Nepalanci ya tafi. Gaba ɗaya. Likita ya ce yakan faru, harshen da mutum ya fara sha a nono shi yake saura. Hedimasta guda, likita yana tambayarsa ina ke ciwo, ni da rubutun kazata ni ce tafinta. Da ba a asibiti muke ba da na yi dariya. Na fita waje na yi kuka.

Yanzu bakinsa ba ya rufuwa. Yana kiran sunayen gonaki, yana faɗa da mutanen da suka mutu tun ba a haife ki ba. Tsofaffin ɗalibansa suna zuwa dubiya, su gaishe shi da Nepalanci a ladabce, ya bi su da ido. Sai sun juya harshe yake amsawa. Wani har sai da ya taɓa wuyan kansa, inda aka taɓa rataya masa katako, kafin ya iya.

Mai kantin magani ya ce zai jawo wayarsa har tagar ɗakin. Ki kira ran Asabar da hantsi.

Cemarki


Yuen Long
Janairu, 2008

Cema,

Ina gaishe ki, da sannu da ɗawainiya. Ba ni da bakin gode miki.

Kin ga ɓarinku na wayar, bari in gaya miki namu. Kwana uku Kyaftin yana koya mini abin da zan faɗa, na rubuta a tafin hannu. Na ce, "Baba, ni ce, yaya jiki?" Sai ya fara magana. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, da sauri, da taushi, har da dariya. A gidanmu ban san yana dariya ba. Minti goma sha ɗaya yana yi. Na tsinci kalmar ruwa, da shinkafa, da sunan Inna. Shi ke nan abin da na samu daga mahaifina.

Iksa tana manne da ni, ta ce, "Mama, tambayarki yake yi, ki amsa." Na ce me ya ce? Ta ce ita ma ba ta kai nan ba.

An yi bikin. Yara sun yi waƙa da baitin da tsofaffi suka haɗa bayan gardamar mako uku. Tsohuwar nan da ɗanta ya rasu ta zauna a gaba. Na je na durƙusa na yi mata ta'aziyya da harshenmu, jimla biyu, a makare da wata takwas. Ta shafa kaina.

Na nemi hutu a wajen aiki, sun ce sai Afrilu, in na tafi kafin nan in nemi wani aikin. Tekendra ya ce in yi abin da raina ya ba ni. Wani lokaci sai in ce gara in jira, in ƙara koyo, kada in je in zauna gabansa kamar kurma. Ki gaya mini gaskiya, Cema. Ya san da wa ya yi magana? Kuma Afrilu ta yi nisa?

Taki,
Urmila


Fidim
Fabrairu, 2008

Urmila,

Gaisuwa a taƙaice, mai kai wasiƙa yana tsaye.

Afrilu ta yi nisa. Kada ki jira sai kin iya.

Na tambaye shi ko ya san wadda ta kira. Ya ce yarinyar tana da ladabi, muryarta irin ta Fulmati ce, amma duk wanda ya rene ta ya cuce ta, ya bar ta ba baki. Ya ce a gaya mata ta zo, da safe ba ya aikin komai, zai koya mata.

Ban sani ba ko ya san wa yake zagi. Na share ɗakinki.

Cemarki,
Sancamaya