Injin Auta Ba Ya Tashi da Safe

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da matarmu da yara, da aikin shago. Direban motar katako ne zai kawo maka wannan takarda, don nan cikin gandun daji waya ba ta kamawa ko ka hau bishiya. Na hau na gani.

Yaya, injin yankan itacen da ka gyara ka ba ni yana neman ya ga bayana. Idan ya yi zafi ba shi da na biyu, ga ƙarfi, ga shi ba ya shan mai. Amma da safe sai ka ce gawa nake tashi. Mu takwas ne masu yanka, kowa da layin bishiyoyin da aka ba shi. Gari na wayewa kowa zai ja igiya sau biyu ya wuce, ni kuwa ina durƙushe ina ja har kafaɗata ta riƙe. Jiya na ƙirga ja arba'in da ɗaya. Ba ya tashi sai rana ta ɗaga ta gasa shi, lokacin mutane har sun kayar da bishiya uku-uku. Yanzu sunana a sansani Mai-jiran-rana.

Shugaban aiki ya kira ni gefe. Ya ce mota ba ta jiran layin mutum ɗaya, kuma ga wani nan ya zo da injinsa yana jiran gurbi. Ya ba ni zuwa Juma'a ta sama. Ka fi kowa sanin shekara biyun da na yi ina ɗumama bencin shagonka kafin in sami aikin nan. Don Allah ka faɗa mini abin yi.

Ƙanenka,
Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka.

Injin nan da hannuna na kwance shi, na wanke, na haɗa. Na gwada shi a ƙofar shago da rana tsaka, ja ɗaya ya tashi, har mai waldan da ke kusa da ni ya leƙo. Shekara ashirin ina gyaran babura, ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Saboda haka kar ka soma ɗora wa inji laifi.

Na san halinka da garaje. Tun kana ƙarami ba ka taɓa abu ya kwana lafiya, kekena shaida ne. Abin da kake yi, kana rufe cok, wato maƙullin iska, ka bar shi a rufe kana ta fizgar igiya, har ka shaƙe shi da fetur. Rufe cok, ja har ya yi tari sau ɗaya, sannan ka buɗe ka sake ja. Ciro fulogi ka duba, za ka same shi jiƙe sharkaf. Goge shi. Ka wanke matatar iska, ka zubar da tsohon mai ka haɗa sabo, kuma ka auna baƙin man da murfin da na ba ka, ba da ido ba.

Kafireto kuwa, inda iska ke haɗuwa da fetur, kar ka kuskura ka kai masa sukundireba. Ni na saita shi.

Ka natsu, ka daina ba mu kunya a cikin mutane.

Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka sau uku, ko zan sami layi ɗaya da ba faɗa ba ne. Ban samu ba.

Duk abin da ka ce na yi. Matatar iska tas take. Na zubar da mai na haɗa sabo da murfinka. Na ari fulogin abokin aikina na ɗaura, yana ba da wuta lafiya lau. Maganar cok kuwa, mutum uku na tsayar suka kalli hannuna, babbansu ma ya karɓa ya ja da kansa har ya yi gumi, ya miƙo mini ya ce Allah ya ba ni haƙuri.

Ka ce zan sami fulogi jiƙe. Na ja sau ashirin na ciro shi, busasshe ƙamas, ko ƙanshin fetur babu. Ta ina na shaƙe shi?

Shekaranjiya na ajiye shi kusa da murhun mai dafa mana abinci don ya ji ɗumi. Ya tashi kuwa, amma shugaban aiki ya gani, ya ce so nake in ƙone sansani. A gaban kowa ya faɗa.

Na gaji, Yaya. Da injin na gaji, da kai ma. Shekarata talatin da ɗaya, har yau maganar keke kake yi mini. Babban cikinmu ya ce a taɓa kafireto, na hana shi don ka ce kar a taɓa. Saura kwana biyar.

Auta.

*

Auta na kaina,

Sallama da gaisuwa. Matar Yayanka ce. Kar ka yi dariyar rubutuna, a kan gwiwa nake yi, tukunya tana kan wuta.

Ranar da takardarka ta zo yana cin abinci. Da ya kai wajen busasshen fulogi sai ya ajiye cokali. Can ya ce da ni, "Ni ne." Na ce kai ne me? Ya ce ai na san masu babura, kowa ya zo sai ya ce a rage masa shan mai, har hannun Yayan naka ya saba matse ƙaramin sukurun mai ba tare da an roƙe shi ba. Da yana haɗa injinka sai ya matse shi sosai, wai don ya tausaya maka, kar fetur ya cinye ɗan abin da kake samu. Bai faɗa maka ba. Bai kuma taɓa gwada shi da safe ba, kullum sai rana ta dake shi a ƙofar shago. Man da ke isa gare shi bai kai ya tayar da shi a sanyi ba.

To ka san Yayan naka. Ya zauna zai rubuto maka, ya rubuta ya yage, ya rubuta ya yage. Takarda biyar na share. Har motar Laraba ta zo ta tafi bai gama neman yadda zai faɗa ba. Na yi masa tatas.

Yau na ƙwace biro. Ga abin da ya ce: a jikin kafireto akwai sukuru biyu a jere. Wanda ya fi kusa da inji, mai harafin L, ka sassauta shi kwatan juyi zuwa hagu. In bai isa ba ka ƙara kaɗan. Yana tsaye a kaina yanzu, na ce ko yana da abin ƙarawa, ya ce in ce ka ci abinci sosai.

Allah ya sa ta iso ka a kan lokaci.

Matarku.

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida matarmu.

Takarda ta iso Asabar da hantsi. Tun Juma'a da yamma aka ba wancan mutumin layina.

Yau Lahadi da sassafe na juya sukurun yadda ka ce. Raɓa ko bushewa ba ta yi ba, ja biyu ya tashi. Na kashe, na bar shi ya huce, na sake, ya tashi. Duk sun riga sun shiga daji, ba wanda ya ji sai mai dafa abinci. Na zauna a kan kututture ina riƙe da shi yana ta aiki, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba.

Motar gobe da ƙarfe bakwai za ta tashi. Kafin nan zan je ƙofar shugaban aiki in tayar da shi a gabansa, in roƙe shi ko layin bakin rafi ne da kowa ke gudu.

In direba ne ya miƙo maka wannan takarda, to an bar ni. In kuwa ni na miƙo maka da hannuna, ka karɓa kawai, ka matsa mini a benci.

Ƙanenka,
Auta.