Sujadar Ban Kwana da Mama Hujja, Ba Tare da Akwati Ba

Cikin alhini, wanda godiya ta rinjaya, Zauren Bangaskiya da Bincike na sanar da 'yan ikilisiya, ɗalibai, abokan muhawara da sauran jama'a cewa mun samu labarin rasuwar uwarmu kuma wadda ta kafa wannan zaure, tsohuwar malamar ilimin halittu, dattijiyar ikilisiya, malamar makarantar Lahadi, wadda babba da yaro suka sani da Mama Hujja, bayan jinyar da ta ɗauka da haƙuri, in aka cire gardamar da likitocinta suka sha.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗan ɗakin nan na bayan majami'a ya san teburinta: Maganar Allah a gefe guda, na'urar duba ƙwayoyin cuta a ɗaya gefen, kuma ba ta taɓa ɓoye ɗaya don ɗayar ta shigo ba. Ranar aiki ta koya wa yara yadda halittu suka yi ta sauyawa cikin miliyoyin shekaru, ranar Lahadi ta jagorance su addu'a, tana cewa Allahn da tambayar ɗan aji uku za ta razana bai cancanci a durƙusa masa ba. Masu sukar addini kuwa da kanta take gayyato su. In suka faɗi gaskiya a kan masu sayar da mu'ujiza, ko masu sa majinyaci ya zubar da maganinsa, ita ce kan gaba wajen cewa sun yi daidai, in suka yi ƙari, sai su ji “ina hujjarka?”, tambayar da babu wanda ya tsira daga gare ta, har masu wa'azi.

Dole mu faɗi abin da ya biyo bayan rasuwarta, domin an riga an ji ƙishin-ƙishin. Marigayiya ta sha faɗa a bainar jama'a cewa a miƙa gawarta ga makarantar koyon likitanci. Dangi suka iso da akwati, wasu daga cikin dattawan ikilisiya kuma suka yi tsayin daka cewa babu gawa, babu sujada, wai wadda ta yarda a feɗe ta ta yi shakkar tashin matattu. Ya zama ko a binne ta a kan abin da ba ta so, ko ta tafi ba addu'ar ikilisiyar da ta yi wa hidima tun tana budurwa.

A zaman majalisar dattawa ne mijinta, babanmu Fasto mai ritaya, wanda shi ma ya daɗe bai yarda da wannan wasiyya ba, ya miƙe ya ce: “Shekara da shekaru ina ce mata, ke, ranar tashi fa? Sai ta ce, Baban yara, wanda ya haɗa ni tun ba ni da ko ƙashi, shi ne zai rasa yadda zai tattaro ni? Ni dai ban samo amsa ba. In akwai mai ita a cikinku, ina saurare.” Majalisa ta amince, dangi suka sauko, matan zumuntar ikilisiya suka raka ta da waƙar yabo har ƙofar makarantar, inda shehin malamin da ya fi kowa musu da ita a kan samuwar Allah ya karɓe ta yana share hawaye.

Don haka muna farin cikin sanar da cewa za a yi mata cikakkiyar sujadar ban kwana ranar Asabar mai zuwa, kuma an keɓe bencin gaba ga ɗaliban likitanci, masu bi da marasa bi.

Muna roƙon Ubangiji ya ba 'ya'yanta, jikokinta da dukkan dangi haƙuri da ƙarfin zuciya. Kai kuma Baba, mun san ba ƙaramin abu ka sadaukar ba, domin ba ka da kabarin da za ka ziyarta. Amma duk ranar da ɗaya daga cikin ɗaliban likitancin nan ya ɗora hannu a kan mara lafiya ya gano inda ciwon yake, a jikin matarka ya koya.

Sa hannu:
Tsohon ɗalibinta,
Sakatare kuma Kakakin Zauren Bangaskiya da Bincike